Luguden Tambara

Taɓarya ta tashi sama, Kailu ya danna, amma ya makara. Da ya duba bayan kyamarar sai ya ga turmi da ƙafafun uwarsa, sauran duk farin hazo.

Shekara goma sha tara yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa a rumfarsa ta bakin kasuwar Filinge. Mutum ya zauna, ya miƙe wuya, ya riƙe numfashi, shi ke nan. Sabuwar kyamarar nan kwana huɗu ke nan da isowarta, bai taɓa gwada ta a kan abu mai motsi ba. Duk da haka ya rataye ta ya hau babur har ƙauyensu Tabla, domin gobe ƙanwarsa Zuwaira za ta tafi da uwarsu Inna Tambara Yamai. Likita ya ce rawar da hannun Inna ya fara ba mai tsayawa ba ce, kuma kowa ya sani, ko ba a faɗa ba, turmin nan ba zai bi ta birni ba.

A ƙasar Kurfai an san luguden Tambara. Takan jefa taɓarya, ta tafa sau uku, ta cafe ba tare da kiɗan ya karye ba. Kailu ya daɗe yana mafarkin wannan taɓarya tsaye cikin iska, babu mai riƙe da ita.

Ya tuna mai shagon da ya sayar masa da kyamarar ya ce masa idan abu yana gudu, a ƙara wa kyamara saurin ƙyafta ido. Ya murɗa lambar, hoton ya fito da duhu. Ya zagaya ya ba rana baya. Ya sake dannawa, taɓaryar ta fita daga hoton gaba ɗaya. A karo na shida hannun Inna ya kuskure, taɓarya ta faɗi ta bugi bakin turmi, gero ya watse, kaji suka taho.

Zuwaira ta ce ya isa haka, tsohuwa ta gaji, ga kaya ba a gama ɗaurewa ba. Inna ba ta ko dube ta ba. Ta sunkuya ta ɗauki taɓaryarta, ta goge ta da bakin zane.

Sai Kailu ya daina bin taɓarya da ido, ya koma saurare. Bugu, bugu, shiru, tafi. A tafi na biyu ya danne maɓallin bai saki ba, kyamarar ta yi ta ƙas-ƙas kamar fara a gonar wake.

Ga shi nan a hoto na huɗu. Taɓarya tana rataye a sama, dusa ta tsaya kewaye da ita cikin hasken la'asar, kowace ƙwaya da inuwarta. Ya matso da fuskarta a cikin hoton. Idanun Inna a rufe suke ruf, bakinta yana murmushin da bai san shi ba. Shekara arba'in yana kallon luguden nan, bai taɓa lura ba.

"Inna, ashe rufe ido kike yi?"

"To mi zan gani?" Ta jingina da taɓaryar tana maida numfashi. "In na rufe, Muna da Larai suna nan, kowace da tata taɓarya. Mu uku muka koya a turmi guda. Su nake ba hanya in na jefa."

Ƙawayen nan nata biyu sun rasu tun Kailu bai yi aure ba.

Iska ta ɗan kaɗa karan darni. Inna ta miƙa wuya wajen kyamarar.

"Ka samu, ko?"

Kailu ya dubi hoton, ya dubi ƙanwarsa, sannan ya kife kyamarar a ƙirjinsa.

"Tukuna, Inna."

Zuwaira ta dube shi, ta gane. Daga nan ta ajiye igiyar ɗaurin kaya, ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar gero ta juye a turmi.