Gadar da Bilya Ya Zana

Sadiƙa tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Garwa. Bayan rasuwar kawunta Bilya, sai aka tsinci wani kaset a cikin kayansa, amma ba na waƙa ba. Tun yana ɗalibi wani malaminsu ya bar masa ƙaramar kwamfuta, irin wadda ake jonawa da talabijin. A kanta ya zana gadar Binuwai, ɗigo bayan ɗigo, ya adana a kaset ɗin. Kwamfutar kuwa ta daɗe da mutuwa.

Kakarta Hajja Zenaba, mahaifiyar Bilya, ta ce tana so ta ƙara ganin zanen nan.

Sadiƙa ta samo manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, ta juye ƙarar kaset ɗin a ciki. Gada ta fito, ga kogi, ga kwalekwale ɗaya. Ta kai wa Hajja har ɗaki tana murna.

Tsohuwa ta daɗe tana kallo. "Ba shi ba ne," in ji ta.

"Hajja, shi ne fa."

"Ruwan Bilya ba shuɗin bokiti ba ne. Ruwan damina ne, mai ɗan kore. Wannan ido yake soka."

Sai daga baya Sadiƙa ta fahimci inda matsalar take. Kawu ya jera ɗigon shuɗi kusa da ɗigon rawaya, tsohuwar talabijin kan narkar da su su zama launi guda, allon zamani kuwa yana nuna kowanne daban. Ta je wurin Didier mai gyaran talabijin a kasuwa, ya tono mata wata mai ƙaton ƙeya daga ƙarƙashin tarkace. A kan babur ta kawo ta gida, ta rungume ta kamar buhun gero.

Daga nan duk ranar da babu aiki, tana tsakanin allo biyu, tana daidaita launukan manhajar da waɗanda zanen ke nunawa a tsohuwar talabijin. Ta rage shuɗi, ja ya lalace. Ta gyara ja, sararin sama ya koma toka. Ga zafin Garwa, ga wuta da ake ɗaukewa ana tsakiyar gwaji. Idanunta suka fara yaji, har gilashin ido ta saya. Kowane gyara ta kai, Hajja takan ce, "Ya kusa," ta juya kwanciya.

Da ta ga launukan sun dace da na talabijin ɗin Didier, ta tura zanen ga masu manhajar ta intanet. Wata mai suna Cécile ta amsa da hoton tata tsohuwar talabijin. Ruwan zanen a tata talabijin ya fi duhu. Wani ya turo nasa, shi kuma ya fi haske. Ashe kowace talabijin da nata launin, ta gidansu kuwa an jefar tun kafin a haifi Sadiƙa.

Ta zauna a bakin gadon Hajja, ta faɗa mata haka, ba ta rage komai ba.

"To ki huta mana," in ji Hajja. "Ni ma na fara kokwanto ko na tuna daidai. Ki sa min a waya yadda yake."

Ta sa mata. Washegari ta tari ɗan babur, ta mayar wa Didier talabijin ɗinsa. Ya ce ta ajiye can bayan ƙofa, ba shi da wurin sa ta.