Taswirar Fadamar Mista Eldon

Ni Fassouma na yi jinyar tsofaffi a garin Greensboro na Amurka har na ƙoshi, amma abin da na gani a gidan Mista Eldon, can unguwar Sedgefield, har yau ban manta da shi ba.

Tsohon nan tunaninsa ya gushe, ko sunan 'yarsa ba ya kawowa. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: tsohuwar taswirar fadamar garinsu a jihar Wisconsin, inda ubansa ya noma kiranberi, 'yan jajayen 'ya'yan nan masu tsami kamar yakuwa. Takardar ta girme shi, duk ta dafe. Kullum da safe in na shimfiɗa masa ita, sai ya riƙa bi da yatsa: ga magudana, ga gonar babansa, ga inda ake sakin ruwa lokacin girbi don 'ya'yan su taso sama. In bai gan ta ba, ko shayi ba ya sha, sai kuka.

Ran nan 'yarsa Birenda ta dira daga garin Charlotte da ɗan kwikwiyonta, wai ta zo rage tarkace. Na ce mata, "Madam, don Allah kwashi komai, amma ki bar masa takardar nan." Ta ce to, ko kallona ba ta yi ba.

Na shiga yi wa tsoho wanka. Fitowarmu ke da wuya, me zan gani? Taswira a ƙasan kicin! Wai ta shimfiɗa wa kare ne don kada ya ɓata tayil. Ɗan banzan kuwa ya tsula fitsari a tsakiyarta, zarni ya cika gida. Tir!

"Haba Fassouma, tsohuwar takarda ce fa," in ji ta.

Na buɗe baki zan wanke ta tas, ko da a bakin aikina, sai tsoho ya saki sandarsa ya durƙusa. Kafin in riƙe shi ya tsoma yatsa cikin ƙazantar, daidai gonar babansa. Fuskarsa ta washe.

"An saki ruwa!" ya ce. "Birenda, ɗauko takalmin roba, girbi ya zo."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya kira sunanta. Ba ta ma ji ba. Tana can tana goge wa kare ƙafa.