Durowar Sama

Maigidana kafinta ne. Shekara talatin da huɗu yana wannan sana'a, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani rata tsakanin katako da katako kamarsa ba. Idan ya gama haɗa durowa sai ya ƙwala mini kira, ko da girki nake, in zo in ga yadda take shiga. Zai tura ta da yatsa ɗaya, ta tafi a hankali, iska ta fito ta gefe, fuuu. Sai ya dube ni. Ni kuwa in ce madalla, in koma kan tukunyata kafin ta kama.

Mu 'yan arewa ne kaka da kakanni. A wajenmu ɗan kudu mutum ne mai gaggawa da yawan surutu, komai nasa sama-sama, a yi a wuce. Su kuma, yadda na ji, cewa suke ba mu waye ba, kuma tafiyarmu kamar ba ma son mu isa. Duk wannan bai taɓa hana ni barci ba, sai da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta tafi kudu karatun aikin jinya, ta dawo mana da maganar wani ɗan can da suke aiki a asibiti ɗaya. Yaron kam ba shi da makusa, ga hankali ga ladabi. Laifinsa ɗaya ne, ubansa ma kafinta ne.

Da muka je gidansu karon farko, aka sauke mu a falo. Uban nasa tsoho ne siriri, da tabarau da ya ɗaure ƙafarsa da zare, shi ya sa har yau Mai Tabarau nake ce masa. Ya fita kawo mana ruwa da kansa. Maigidana kuwa hannunsa ba ya zama wuri ɗaya in ya ga katako. Ya miƙa hannu ya jawo durowar teburin da ke gefensa, ya girgiza ta, ta yi ƙwas-ƙwas. Sai ya sunkuyo wai zai yi mini raɗa. To, ƙarar zarto ta cinye masa rabin kunne, raɗarsa har maƙwabta ji suke.

"Kin gani ko? Aikin kudu. Ɓera ma zai shige har da jelarsa."

Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa da ruwan a hannu. Ya shigo ya ajiye mana. Matarsa ce ta yi murmushi ta ce, "Ai mun ji labari, a arewa ko ƙofa ba ta son baƙo, shi ya sa ake matse ta." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka sha ruwan nan shiru kamar magani.

An dai yi auren. Bayan 'yan makonni Mai Tabarau ya aiko mana da wani ɗan tebur na shan shayi, aikin hannunsa. Ni na ɗauka hannun sulhu ne ya miƙo. Wata huɗu bai cika ba ƙafafun teburin suka fara rawa, samansa ya tsage tun daga wannan gefe har wancan. Zo ka ga murna wajen maigidana, kamar an yi masa albishir. Ya ɗauke teburin daga ɗakina ya kai ƙofar shagonsa ya girke. Duk wanda ya zo ba da aiki sai an nuna masa, a girgiza, a ce, "Ka ga na kudu ke nan." Na yi faɗa har na gaji. Da Auta ta zo hutu ta ga teburin surukinta a rana, an ɗora masa gwangwanin ƙusa, ranar ba ta ci abinci ba. Maganar duniya kuwa ba ta ɓuya, labari ya isa kudu.

Shekara biyu tsofaffin nan ko gaisuwar waya ba sa yi. Abin da ke ci mini rai ke nan. 'Yata tana zaune tsakanin gida biyu, a can ba ta iya ambaton ubanta a gaban surukai, a nan ba ta iya ambaton surukinta a gaban uba. Yarinyar da ta tashi da surutu kamar rediyo ta koma auna kowace kalma.

Da ta samu ciki, maigidana ya ce jikansa ba zai sa kaya a cikin aikin kudu ba. Wata biyu ya yi yana haɗa kabad mai durowa shida. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba, ko takarda ba ta shiga tsakanin durowa da jikin kabad. Ni kuma na zauna da allura da zare na ɗinka 'yan riguna goma sha biyu da hannuna, idona na ruwa, na jera su a durowar sama. Aka loda a mota aka aika. Auta ta kira ta ce ya iso lafiya, ta buɗe ta ga rigunan har ta yi ƙwalla, ta mayar ta rufe sai ranar amfani.

Ta haifi namiji, daidai lokacin da aka yi mini aiki a gwiwa, likita ya ce ba tafiya sai bayan wata uku. Maigidana kuwa ya samu mafaka, wai ba zai bar ni ni kaɗai ba. Na san ba ni yake tausayi ba, gamuwa da Mai Tabarau yake gudu. Sai hotuna muke gani a waya. Kowane hoto sai na matso da shi kusa da ido, kuma kullum jaririn cikin kayan kanti yake. Ko sau ɗaya ban ga ɗinkina a jikinsa ba. Na ce a raina, uwar mijin nan ce. 'Yan kudu ai sun raina ɗinkin hannu, komai sai mai leda da takarda. Ni da nake yi wa maigidana wa'azi, na riƙe matar nan a zuciya wata uku cur. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Da gwiwa ta yi sauƙi na ce ko ya bi ni ko in tafi ni kaɗai. Ya bi ni yana gunaguni. Muka isa cikin damina. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, gishiri ya jiƙe a kwano, tawul kwana biyu a igiya bai bushe ba. Na rungumi jikana, ƙato da shi, kumatu kamar a taɓa su fashe. Ina rungume da shi na ja Auta gefe.

"Faɗa mini gaskiya, uwar mijinki ce ta hana a sa masa rigunana?"

Ta sunkuyar da kai. Kafin ta ba ni amsa muka ji muryar ubanta daga ɗaki. "Wa ya lulluɓe mini kabad da zani kamar mara lafiya?"

Muka shiga muka tarar ya yaye zanin. Ya sa yatsa ɗaya a durowar sama kamar yadda ya saba, ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu. Ya dafe kabad da gwiwa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk shidan, ta ƙasa ce kawai ta fito kamar yatsa biyu ta cije.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

"Ba wanda ya taɓa, Baba," in ji Auta a hankali. "Tun da ruwa ya sauka suka kame, sati biyu kafin in haihu. Rigunan Mama suna ciki."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In ce me, Baba? Mijina ya ce a sa ƙarfe a ɓalle, na hana. Babansa ya zo ganin jika, ya ɗaga zanin ya duba, ya mayar. Ya ce duk ranar da na ce ya taɓa zai taɓa. Ban ce ba. Aikinka ne. Ba na so a ce shi ya gyara maka."

Maigidana ya zauna a bakin gado. Ni kuwa kunya ta rufe ni saboda baiwar Allahn da na zarga a banza. Wata uku yarinyar nan tana jego, tana sayen kayan kanti, tana rufe asirin ubanta da zani.

Washegari da safe na same shi durƙushe da wuƙar kicin yana ƙwaƙular gefen durowa. Na tsaya a kansa na ce, "Malam, ba ka zo da kayan aiki ba, kuma kafinta ɗaya ka sani a garin nan. Nauyin da 'yarka ta ɗaukar maka ya isa. Tashi." Na zaci zai yi mini tsawa. Sai ya ajiye wuƙar ya nemi takalmansa. Na ɗauki lema na bi shi ina ɗingishi, don ban yarda da bakinsa ba.

Shagon Mai Tabarau ƙarami ne, katakai a jere a kan gadon ƙarfe, an sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa. Yana goge ƙafar kujera da samfefa. Maigidana ya yi sallama, muryarsa ƙasa-ƙasa, karo na farko da na ji ya yi raɗa ta gaskiya. Tsohon ya amsa, ya share mana benci da hannun rigarsa.

"Durowar ce," in ji maigidana.

"Na sani. Aiki ne mai kyau, Malam, na duba haɗin. Katako ne kawai yake shan ruwa a nan, ya kumbura. Shi ya sa muke bar masa wurin numfashi." Ya gyara zaman tabaraunsa. "An ce teburina yana ƙofar shagonka yana rawa."

Maigidana ya dubi ƙasa. "Yana nan."

"Ranar da ya bar shagon nan ko allura ba ta shiga haɗinsa. Ban san ƙasarku tana tsotse katako haka ba, ban taɓa zuwa ba. Da na ji labari sati na yi abin yana damuna. Da ka kira ni ka faɗa mini, da na koyi wani abu."

Maigidana ya ce, "Ni ma ban taɓa zama a damina irin taku ba. Ka yafe mini." Tsohon ya ce ba komai, ya shiga tattara kaya: sukundireba, kyandir, ƙwan lantarki mai doguwar waya, da filen, ƙarfen nan da suke aske katako da shi.

A gidan Auta suka juya kabad, suka kwance allon bayansa. Mai Tabarau ya kunna ƙwan ya rataya shi daga ciki, ya rufe da zanin nan, ya ce a bar shi zafi ya busar da katakon sai gobe. Kafin goben, na ji maigidana a baranda yana waya da mai walda, maƙwabcin shagonsa, yana cewa a shigar masa da ɗan teburin nan ciki, rana na dukansa.

Washegari da la'asar kowa ya hallara, har da uwar mijin. Mai Tabarau ya sa guntun katako ta baya ya ɗan buga, maigidana yana ja ta gaba. Durowar sama ta yi ƙara ta fito. Tsohon ya juye ta, ya nuna inda ta cije, ya miƙa wa maigidana filen.

"Aikinka ne, kai za ka aske."

"Nawa zan cire?"

"Kaurin ashana, kowane gefe."

Na ga hannunsa ya ɗan tsaya. Sannan ya sunkuya ya fara, ɓawon katako yana naɗewa yana faɗuwa a ƙafarsa. Da ya gama, Mai Tabarau ya goga kyandir a gefunan.

Ni kuwa rigunana na kwaso. Suna nan yadda Auta ta jera su, sai ɗan warin sanyi. Uwar mijin ta ɗauki ɗaya ta juya cikinta tana bin ɗinkin da yatsa. "Wannan da hannu aka yi? Kai, ni ko maɓalli ban iya dasawa haka ba." Ban iya haɗa ido da ita ba. Na zaɓi wadda ta fi girma, mai ɗan ratsin shuɗi, na miƙa wa Auta. Ta ɗora yaron a cinya ta gwada. Kansa bai wuce wuyan rigar ba. Ta gwada wata, ita ma haka. Yaron ya fara tsaki irin na jarirai, na ce ta bar shi, kar a wahalar da shi.

Riga goma sha biyu, ko ɗaya bai sa ba. Ban yi niyyar kuka ba, amma sai da na share ido da gefen mayafi. Maigidana ya karɓi mai ratsin shuɗin, ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa, da kaɗan ta fi tafin. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "Auta, ni na jawo miki." Ta ce, "Ya wuce, Baba."

Ta ninke rigunan ta mayar a durowar. Ubanta ya ɗauka ya zura ta a mazauninta, ya tura da yatsa ɗaya. Ta shige sumul, ta yi ɗan ƙwas a ƙarshe. Bai kira ni in gani ba, sai ya juya ya ce wa Mai Tabarau su fito da ta biyu.