Ɗiyar da Aka Ce Ba Ta da Kowa

Lydia ta daɗe da barin Madawa. Tana budurwa mai aikin jinya ta haɗu da Bernard, Baturen Beljik da ya zo aikin dashen itatuwa a Keita. Suka yi aure, ya tafi da ita ƙasarsu. Allah ya ba su zaman lafiya, bai ba su haihuwa ba. Ta sha maganin Turawa, ta sha na gida da ake aiko mata, har ta haƙura.

A daminar 1994 wanta Ezra ya buga mata talho. Shi ne shugaban wani ƙaramin gidan marayu na majami'arsu, a wani ƙauye tsakanin Madawa da Buza. Ya ce akwai wata yarinya mai suna Rahama, ta shiga shekara ta uku, uwarta ta rasu wurin haihuwa, dangi kuma babu wanda ya taɓa leƙowa.

"Ba ta da kowa sai Ubangiji," in ji shi. "In kina so, taki ce."

Kafin su iso Yamai Ezra ya gama kai da komo a wurin alƙalai, ya kawo yarinyar da kansa. Da fari ta ƙi cin abinci, ta ƙi yarda da kowa. Sai da Lydia ta ɗauko zane ta goya ta, tana zagaya tsakar otel tana yi mata waƙa, sannan ta kwantar da kai a bayanta. Tun daga ranar ba ta sake sakin gefen zanen Lydia ba.

Lydia ta ce tana so ta ga gidan da ɗiyarta ta tashi kafin su hau jirgi. Ezra ya ɓata fuska.

"Hanya ta lalace, koramu sun cika. Mi za ki gani can? Gadaje ne da tukwane."

"Yaya, wata rana za ta tambaye ni inda ta hito. Ina so in ce mata na gani da idona."

Ya koma bakin aikinsa ba su daidaita ba. Ita kuwa ta sa mijinta ya ɗauki hayar mota, suka bi bayansa ba tare da sun aika ba.

Da hantsi suka isa. Gida ne na laka mai rufin kwano, an shanya tsummokin jarirai a kan igiya, gero ya yi kai a bayan danga. Yara suka zagaye motar. Wata dattijuwa mai suna Matta, wadda ta yi renon Rahama tun tana jinjira, ta fito tana share hannu a zane. Da ta ga yarinyar sai ta dafe ƙirji. Maimakon murna, ta waiwaya tana duban inuwar itacen bedi da ke bakin ƙofa.

Wani mutum ne zaune a can, siriri, da ƙurar hanya a ƙafafunsa, kusa da shi ga curin fura a ƙwarya da kaza a ɗaure. Ya miƙe a hankali.

"Fiddausiya!" ya ce.

Yarinyar ta zame daga hannun Lydia, ta ruga da ɗan gudunta, ta rungume ƙafarsa. Ya ɗaga ta sama yana juya ta, yana duba idanunta da tafin hannunta.

"Alhamdu lillahi, ta warke. Madam, ke ce likitar da ta duba ta? Allah shi saka miki."

Lydia ta tambaye shi ko wane ne. Ya ce sunansa Alhusaini, manomi ne daga Babankatami, kuma wannan ɗiyarsa ce; Fiddausiya ya raɗa mata, a nan gidan ne ake ce mata Rahama. Ranar da uwarta ta rasu babu mai shayar da ita a gidansu, shi ya sa ya kawo ta nan inda ake da madara. Malam Ezra ya ce a bar ta har ta yi ƙwari, sai ya zo ya ɗauki abarsa. Duk ranar kasuwa yana zuwa ganinta, in ban da lokacin cin rani. Bana ya yi niyyar kai ta wurin ƙanwarsa Jima, sai aka ce masa ciwo ya kama ta, an tafi da ita gidan likita a Yamai.

Bernard ba ya jin Hausa, yana ta tambaya da Faransanci me ke faruwa. Lydia ta wuce Matta, wadda ta sunkuyar da kai tana hawaye, ta shiga ofishin wanta ba sallama.

"Yaya, wane ne wancan mutumin?"

Ezra ya leƙa ta taga, ya koma ya zauna.

"Na ce miki kada ki zo."

"Ka ce mini ba ta da kowa."

"To mi gare ta? Bukka da rumbun da ba ya kai su bazara? Ke kina can kina kuka shekara da shekaru, ita tana nan za ta tashi ba karatun lakkwal, ba magani. Na haɗa mai nema da abin nema. Don ke na yi."

"Don ni ka yi wa bawan Allah ƙarya? Da mun tahi, mi za ka ce mishi?"

Ezra ya kau da kai. Nan take ta gane amsar: da sun tafi, ce masa za a yi yarinyar ta mutu.

Ta fito ta durƙusa gaban Alhusaini ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya saurara har ta gama, yana riƙe da ɗiyar a kafaɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Amana na ba shi," ya ce. "Gaban Allah na ba shi."

Bernard da ya fahimta ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Ya ce a wurin hukuma yarinyar tasu ce, babu mai hana su tafiya da ita. Lydia ta dube shi, shi ma bai sake maimaitawa ba. A motarsu suka kai uba da ɗiya Babankatami. Da za su juyo, yarinyar ta kama zanen Lydia tana tsala kuka, sai da Jima ta ɓanɓare 'yan yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan Lydia ta wuce Madawa wurin mahaifiyarsu, tana neman inda za ta yi kukanta. Ta tarar da tsohuwar tana tsince wake a faifai. Ta zauna a tabarma ta fara ba ta labari, amma tun ba ta yi nisa ba ta lura Inna ba ta yi mamaki ba, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Inna, kin sani?"

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ni na roƙe shi. Na gaji da jin ana ce miki juya."

Lydia ta daɗe tana kallon hannuwan da suka raine ta. Sannan ta tashi ta sa takalmanta. Inna ta ce ta tsaya ta ci abinci, Lydia ta ce ta ƙoshi. Ita da Bernard sun yi wata guda a Yamai suna warware abin da alƙali ya ƙulla, kuma a cikin watan nan Ezra ya zo otel ɗin sau da yawa, ba ta fito ba. Su biyu suka hau jirgi, kamar yadda suka zo.