Miyan Kare a Kan Fasfo

Wata uku Malam Attahiru, magatakardan Di'o, Baturen mulki na Wurno, yana bin fasfon Inna Habi, mahaifiyarsa. An yi mata lamba a Raba, an ɗauki hoto a Sakkwato, ta sayar da tumakinta. Sa hannun Di'o kaɗai ya rage, motar alhazai kuma Alhamis za ta tashi.

Di'o kuwa hankalinsa duk yana kan Bobi, karensa, da zai bi shi Ingila hutu. Kare fa! An auna shi, an rubuta launin gashinsa da shekarunsa, har likitan dabbobi aka ɗauko ya yi masa allura. Bobi ya ƙi tsayawa.

“Malam, riƙe shi,” in ji Di'o.

Attahiru ya dubi farar rigarsa, ya dubi fasfon da ke kan tebur, ya durƙusa ya rungumi kare. Wari ya buge shi, harshe mai ɗumi ya bi masa gemu. Ya riƙe shi gam har aka zare allura.

Di'o ya ji daɗi, ya sa hannu a takardun Bobi, ya sa hannu a fasfon Inna ma. Yana miƙowa, Bobi ya yi tsalle ya lashe shafin. Di'o ya kece da dariya. Da la'asar motarsa ta kama hanyar Ikko.

A gida Attahiru ya kasa riƙe bakinsa, don abin yana ci masa rai. Ya faɗa wa Inna komai.

“Mi kac ce? Kare ya lashe shi?”

“Kaɗan ne, Inna, ya ma bushe.”

“Da abin ga zan shiga ɗakin Allah? Haba, malamin Nasara! Tahi ka wanke gemunka, kana wari.”

Ya tafi bayan ɗaki, ya dirje fuska da sabulu har ta yi zafi. Da ya dawo, ya iske ta zaune gaban ƙwarya, tana tsoma fasfon tana ƙirgawa, kamar yadda take yi wa duk kwanon da kare ya sa wa baki.

“Inna!”

“Dakata, shida ke nan. Saura guda.”

Ruwan ƙwaryar ya koma shuɗi. Hoton ya ɓamɓare yana yawo a sama, inda Di'o ya sa hannu kuwa ba ko ɗigon tawada.