Giyar Gaba da Fadamar Hajjo

Mutanen da wannan labari ya shafa su huɗu ne: Mode, manomin shinkafa mai jirgin fito a mashigar Kwalkwalawa, wansa Dodo, ɗan kwangilar yashi a Ƙofar Atiku, mahaifiyarsu Hajjo, sai Habila bakanike, mutumin ƙasar Jos mazaunin Minanata.

A zamanin soja ne, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowa gini, har yashin gulbi ya yi daraja. Hajjo tana da fadama a ƙetaren gulbin Rima, gadon mijinta. Dodo yana so a sayar wa masu haƙar yashi, Mode kuwa ya ce sai dai bayan ransa. Da gardama ta ishe ta, Hajjo ta yanke hukunci: bara ruwa ya ci shinkafar, in bana ma ya ci, a sayar, in ta iso gida, kada wanda ya sake ɗaga zancen.

Shinkafa ta yi kyau. Mode ya yanke, ya ɗaure dammuna, ya jibge a kan wani ɗan tudu. Sai ruwan ƙarshen damina ya taso daga gabas, ya shafe hanyar jakuna, ya fara lasar gindin tudun. Ba abin da zai kwaso kayan a kan wannan igiyar ruwa sai jirgi mai inji.

A ranar ce tsohon injin jirgin Mode ya ƙi, yana kan hanyar zuwa tudun. Yana tashi lafiya, amma da an sa giyar gaba sai ya kama, ya saki, ya yi ƙara kamar an buga gatari a kututture. Ribas kaɗai ke shiga. Mode bai tsaya kuka ba, ya juya jirgin, ya dawo mashiga da baya da baya, ruwa na tsallako masa cikin jirgi, masu wanki suna ta dariya. Dodo na tsaye kusa da tifarsa, cikin farar shadda da sabon takalmi.

Ya ce, "Mode, wanga wane irin tuƙi na? Mutane na zuwa da goshi, kai ka zo muna da ƙeya!"

Mode ya ce, "Yaya, ko da ƙeya ai na iso."

"Jefa ruɓaɓɓen ƙarfen ga cikin gulbi, ka zo ka riƙe mini tifa. Zamani ya wuce ku, kai da shi."

"In ya wuce mu, Allah shi kai shi lafiya. Mu muna nan."

Mode ya saɓa injin a kafaɗa, ya hau akori-kura zuwa Minanata. Habila ya kafa injin cikin gangar ruwa, ya duba sandar giya, ya ga ba ta kwance ba. Ya tsiyaye man gindin injin a tafin hannunsa, ya murza, sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Ya tayar da injin, ya ce, "Malam Mode, sa giya in gani, yadda ka saba."

Mode ya yi bisimilla, ya dafa mariƙin da 'yan yatsu, ya riƙa tura shi sannu sannu. Injin ya yi ta gurnani kafin ya kama.

Habila ya riƙe kai. "Kullum haka kake yi?"

"Awo. Ba a fizgar tsoho. Injin ga ya girmi ɗiyana duka. Ko san noma lallashinai ake yi."

"To, ladabinka ne ya cinye shi."

Ya kwance gindin injin, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai haƙora gaba da baya, ya ɗora wa Mode a hannu. Haƙoran gefe ɗaya sun lashe sumul, na ɗayan suna nan da kaifinsu. Habila ya bayyana masa cewa wannan ƙarfe shi ke cafke giya ya juya farfela. In an tura shi gaba ɗaya, sai ya cafka. In an lallaɓa, sai haƙoran su yi ta gogar juna har su ƙare. Na ribas sun tsira ne don ba a cika amfani da su ba.

Abin ya sosa wa Mode rai. Ya ce, "A samo sabo."

"A ina? Jiragen siminti sun toshe tashar Ikko, kayan gyara na can kan teku. Je ka gode wa su yayanka 'yan kwangila." Habila ya jujjuya ƙarfen. "Dabara ɗaya ce. In birkice shi, haƙoran baya su koma gaba. Amma ka sani, ka rabu da ribas. In ka nufi gaɓa da kaya, ba abin da zai tsayar da kai."

Mode ya ce, "Birkice shi. Yau na gama tafiya da baya."

Habila ya ɗaura, ya zuba sabon mai, ya sa Mode ya yi ta gwadawa. Hannun Mode ya ƙi saɓa wa halinsa, sai da bakanike ya daka masa tsawa: "Ba surukinka ba ne, buga masa!" Mode ya rage wuta, ya fizga. Giya ta faɗa, ƙwas, ruwan ganga ya tashi.

Da la'asar ya isa tudun, ruwa ya riga ya jiƙa dammunan ƙasa. Ya bar waɗannan, ya loda sauran har bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ya juyo. Igiyar ruwa ta yi ta ture shi, giyar ba ta saki ba ko sau ɗaya.

A mashiga Hajjo ta zo da sandarta, Dodo na gefenta. Mode ya kashe injin tun daga nesa, ya kafa gora, amma nauyi ya fi ƙarfin gorar. Ruwa ya ɗauki jirgin zai wuce da shi mashigar, ya nufi ramukan da masu yashi suka haƙa, inda ruwa ke juyawa. Mode ya wurga igiya, ta faɗi a gaban sabon takalmin wansa. Bai roƙe shi ba.

Hajjo ta ce, "Dodo, ƙanenka na, kuma abincina na. Mi kaka kallo?"

Dodo ya duƙa ya cafke igiyar. Jirgin ya ja shi cikin laka har ƙugu, ya turje yadda ubansu ya koya musu, ya naɗe ta a turke. Goshin jirgin ya daki gaɓa, katako ɗaya ya tsage, amma ko dami guda bai faɗa ruwa ba.

Hajjo ta zari zangarniya, ta murza, ta tauna ƙwaya. Ta ce, "Ta iso gida. Zance ya mutu."

Dodo ya fito yana matse shadda, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa. Ya ce, "Jirgin da ba ya da birki! Wata rana shi za ya kashe ka."

Mode yana sauke dami, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kawo tifarka, Yaya. Yau shinkafa za ta ɗauka."

Nan labarin ya tsaya. Wanda ya ga kuskure, a sunan ƙarfe ko a jerin magana, ya gyara don Allah, domin ido ɗaya ba ya gama tsince tsakuwa a shinkafa.