Goro Goma Sha Biyu a Buhu

Mushe Bawa, malamin lissafi, ya juya baya yana goge allo, sai Balki ta ɗaga hannu daga bencin tsakiya.

"Mushe, akwai wani lissafi da ya gagare ni."

"Faɗe shi," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

"Buhu ne da goro goma sha biyu a ciki, bakwai ja, shida fari. Aka zura hannu aka ɗebo uku ba a duba ba..."

Allin da ke hannunsa ya karye biyu. Wannan tambayar ya san ta sarai, don shi ya ƙirƙire ta ran Asabar. Ita ce ta biyu a jarrabawar gwajin bak, ta gama sakandare, da makarantu biyar na unguwar Banifandu da kewaye za su zauna ran Litinin, yau kuwa Alhamis. Ya juyo a hankali ya bi fuskokin ajin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zuba masa ido, ban da 'yarsa Zahra'u da ke kusa da taga, ta sunkuya tana ja layi a kaye, littafinta na rubutu. Wannan bai dame shi ba, tun farkon shekara suka yi yarjejeniya cewa a aji shi ba ubanta ba ne.

"Ina kika samo ta?"

"A wani tsohon littafi, Mushe."

"Wane littafi ne a duniya yake lissafi da goro?"

Aji ya fashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce su buɗe shafi na tamanin su yi aiki, ya rataya jakarsa ya fita, zufa na bin bayansa.

Shekara goma sha ɗaya yana fitar da jarrabawar lissafi ta makarantun nan, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ta fita kafin ranarta ba. Ba shi da mota, ba shi da bene, wannan sunan shi ne abin da ya tara. Kuma yana da yadda yake yi. A tsohon ordinatarsa, wato kwamfuta, yake bugawa, wanda bai taɓa barin ya shaƙi rezo na intanet ba, ya zuba a kile, ɗan abin ajiyar rubutu da ake soka wa kwamfuta, ya ɗaura kilen da zare ya rataya a wuya ƙarƙashin riga kamar laya. Ranar da za a buga takardu yana tsaye kan mai injin, waɗanda suka lalace kuma shi da kansa yake ƙona su a bayan aji. Malamai suna masa dariya, amma a bayan idonsa.

Bana ne ordinatar ya tsufa. Batirin ya mutu murus, da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, sai ya mutu tare da aikin da ke kansa, ga shi kuwa lokacin zafi, kuran na zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Sai Isaka, tsohon ɗalibinsa mai shago a kasuwar Wadata, ya yi ta zuba masa daɗin baki har ya sayi tablet, wani siririn abu kamar faranti, jika ɗari shida na sefa. Matarsa Delu da ta ji kuɗin sai da ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, wannan gilashin?"

Yanzu yana tafiya zuwa ɗakin malamai yana jin gilashin a jaka kamar ya ɗauko maciji.

Mushe Salisu kaɗai ya tarar, yana shan shayi. Salisu matashi ne, ya iya lissafi, wannan ba a ƙwace masa ba, amma yana ba yara darasin yamma na kuɗi a gidansa, kuma kowa ya san ya daɗe yana son a ba shi fitar da jarrabawar nan. Ran Talata shi ne ya karɓi tablet ɗin ya yi ta juya shi yana yabawa. Minti nawa ya yi a hannunsa? Bawa ya tuna ya fita alwala ya bar shi da shi.

"Ran Talata da ka riƙe abin nan, me ka buɗe?"

Salisu ya ajiye kofi. "Ban gane ba, Mushe."

"Balki tana zuwa darasinka na yamma?"

"Tana zuwa. Ita da mutum ashirin." Fuskar Salisu ta canja. "In akwai magana ka faɗe ta a fili. Abin naka ma a kulle yake, sai ya ga fuskarka yake buɗewa. Ni hoton masallacin da ke kai kawai na gani."

Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara ba Bawa haushi. Ya fita, ya hau motonsa ya nufi Wadata da tsakar rana.

A hanya zuciyarsa ta koma kan Isaka. To, wa ya kunna abin tun farko? Wa ya yi ta latse-latse kusan awa guda yana cewa yana shirya masa shi? Yaron nan sau biyu yana faɗuwa lissafi a hannunsa. Ashe duk "Mushe, Mushe" ɗin nan da kujerar da yake jawo masa akwai abin da ke ƙasa? Ya ratsa tsakanin masu tura kura da taksi, wani ɗan dako ya daka masa tsawa da Zabarmanci, bai ko ji ba.

Isaka na ganinsa ya miƙe da fara'a. "A'a, Mushe! Yaya amarya, tablet ɗinka? Ba na ce maka ba za ka sake waiwayar tsohon ordinatar nan ba?"

Bawa ya ajiye tablet ɗin a kan kanta. "Ka ce mini ya fi ordinatar."

"Ya fi mana. Batirinsa ba ya kai maka yini?"

"Yana kaiwa."

"Alƙalamin fa? Ka rubuta da hannu ya mayar maka bugu, ka zana da'ira ya gyara ta. Wane ordinatar ke yin haka?"

"Ba ka ce mini ba shi da ramin kile ba, sai da na sake sayen wata igiya. Ba ka ce mini madanninsa daban ake saye ba. Duk na haƙura." Ya rage murya, don akwai mata biyu suna duba salula a gefe. "Amma ba ka ce mini yana da baki ba. Jarrabawata tana yawo a gari, Isaka. Daga ni sai kai muka taɓa cikin abin nan."

Fara'ar ta ɓace. "Subhanallahi. Mushe, ni? Ni da ka kora daga aji don na leƙa takardar maƙwabcina, ka zaci na manta?"

"Ai shi ya sa."

Ran Isaka ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Buɗe shi." Bawa ya kai fuskarsa, abin ya buɗe. Isaka ya latsa nan ya latsa can, ya juyo masa da shi. "Karanta sunan da ke sama."

Bawa ya gyara tabarau. Sunan Zahra'u ne.

"Ranar da kuka zo tare na ce abin nan ba ya aiki sai da adireshin mel. Ka ce kai ba ka da wannan shirgin, in sa na yarinyar, ai duk gida ɗaya ne. Ka tuna? Na sa. Ka ce in saka masa layi don ka riƙa ganin saƙon darakta, na saka. To shi haka yake, duk abin da ka rubuta yana ajiye kwafi a adireshin nan don kada ya ɓace. Duk salular da ke kan adireshin za ta gani."

"Ban aika wa kowa ba."

"Ba ya jiran ka aika, Mushe. Cikin abin da ya sa yake da tsada ke nan."

Bawa ya dafa kantar shagon. Tun safe yake zargin mutane, ya zargi abokin aiki, ya zargi ɗalibinsa, bai taɓa kawo yarinyar da ke ja layi kusa da taga a ransa ba. Ita da Balki kuwa tare suke zuwa, tare suke komawa. Ya ɗauki abinsa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, Isaka ya ce, "Ba komai, Mushe, sauka lafiya," amma bai rako shi ba kamar yadda ya saba.

Bayan la'asar ya isa gida. Delu na tsakar gida tana tsince zogale, Zahra'u na wanke hijabinta na makaranta a bakin famfo. Ya zauna kan tabarma bai cire takalmi ba.

"Kawo salularki."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta goge hannu a zane, ta shiga ta ɗauko, ita da kanta ta buɗe wurin ta miƙa masa. Ga jarrabawarsa nan, da sunan makarantu biyar a sama.

"Tun yaushe?"

"Tun Asabar, Baba."

Delu ta ajiye tire. "Me ke faruwa?" Bawa bai ɗauke ido daga kan 'yarsa ba.

"Wa da wa kika ba?"

"Balki kaɗai. Layi biyu kaɗai, a baki. Ba ta san jarrabawa ba ce, na ce mata a littafi na gani."

"Don ta ci?"

"Don ta tambaye ka a aji, ka yi shi a allo."

"Ki yi mini magana yadda zan gane, Zahra'u, raina a ɓace yake!"

Idanunta suka cika da hawaye, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Bakwai da shida, Baba."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Bakwai da shida. Ya dubi salular, goro goma sha biyu, bakwai ja, shida fari. Ya zaro tablet ɗin da sauri ya nemo rubutunsa na hannu. Biyar ya rubuta, irin biyar ɗinsa mai rufaffen ciki da ɗalibai suka daɗe suna kuka da ita, na'urar ta mayar da ita shida. Shi kuma da ya ga bugun ya fito tsaf, ya yi kyau, bai sake bi ba. Da safe an karanta masa kuskuren a gaban mutum sittin, tsoro bai bar shi ya haɗa bakwai da shida ba. Da ran Litinin yara ɗari huɗu ne za su haɗa masa.

Kunya ta rufe shi. Can ya ce, "Me ya hana ki zo ki gaya mini?"

"Saƙo ne ya shigo, na buɗe ban san ko mene ne ba. Kafin in rufe idona ya sauka kan goron." Ta share fuska da bayan hannu. "In na gaya maka, ka san na gani. Kai kuwa kullum kana cewa wanda ya ga jarrabawa kafin ranarta ba ka ƙara yarda da makinsa har abada. Ni ina so in na ci ka yarda ni na ci."

Delu ta ce, "Allah sarki," a hankali.

"Sauran tambayoyin fa?"

"Ban duba ba."

Ya dube ta. Yana son ya yarda, wallahi yana so, kuma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Amma kwana biyar takardar tana cikin salularta, kuma shi ya san kansa. Ko ya sake wata jarrabawar, a gidan nan zai rubuta ta, ran da sakamako ya fito kuma zai dubi makinta ya ji wani abu na motsi a ransa. Ita ma za ta gani a fuskarsa.

Ya zaro salularsa ya nemo lambar Salisu. Sai da ta yi ƙara sau biyar aka ɗauka.

"Mushe Salisu, Bawa ne. Abin da na yi maka ɗazu ban kyauta ba, ka yafe ni." Ya ci gaba. "Jarrabawar Litinin, kai za ka fitar. Zan je wurin darakta yanzu in gaya masa dalili, laifin nawa ne."

Salisu ya ce, "Mushe, shekara goma sha ɗaya fa. In ka sake ta, ba lalle ta dawo hannunka ba."

"Na sani. Ka rubuta da alƙalamin bik, a takarda. Kuma kada ka nuna mini, ko na roƙe ka."

Ya kashe. Zahra'u na tsaye, ruwan wanki na ɗiga daga gefen zanenta.

"Yanzu ni da ke ba wanda ya san abin da zai fito," in ji shi. "Je ki yi karatu."

Ta juya za ta tafi, ya kira ta, ya miƙa mata tablet ɗin da alƙalaminsa.

Delu ta zaro ido. "Malam, jika ɗari shida?"

"Ai dama sunanta ke kai." Ya miƙe yana laluben makullin moto. "Kafin in dawo ki fiddo mini tsohon ordinatar nan daga ƙarƙashin gado, ki kaɗe masa ƙura."